Goyon Ranar Asibiti

Da sunan Allah na fara, kuma ina roƙonsa ya riƙe mini harshe, don abin da zan faɗa har yau in na tuna shi sai na ji wuyana ya ɗauki zafi. Sunana Asabe, ɗinki nake yi a Birnin Kudu, kuma duk wanda ya san ni ya san ban iya haɗiye magana ba. Labarin ƙanwata Habi ne. Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, ta samu sauƙi. Amma ciwon ya raba ta da ɗanta tun yana jariri, kuma ba ciwon kaɗai ya yi aikin ba, da hannun mutane a ciki. Na rubuta ne saboda matar da za ta haihu gobe ta zubar da jini, da kuma wanda zai ɗauke ta ya kai ta asibiti.

Aure ne ya kai Habi Farin Dutse, can ƙasar Gwaram. Mijinta Sale manomi ne, da an gama girbi sai ya tafi ci-rani kudu, ba a ƙara ganinsa sai ruwa ya kusa sauka. Mahaifiyarmu ta rasu Habi tana ƙarama, ni na goye ta, don haka ni ce yayar ni ce uwar. Haihuwarta ta fari ta zo a tsakiyar damina. Yaron ya fito lafiya lau, namiji, amma mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Kafin a samo mota, kafin motar ta fita daga taɓo, Habi ta suma. A asibiti aka yi ta ƙara mata jini har ta buɗe ido. Waɗanda suka yi aiki a kanta ranar nan ina musu addu'a har gobe, don ba don Allah ya kawo su ba da tuni an yi sadakar arba'in. Sai dai da za su sallame ta, abin da suka ce kawai shi ne ta riƙa cin abinci mai kyau. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da za mu sa wa ido.

Abin da ya fara bayyana shi ne nono bai zo ba. Ba wai ya yi kaɗan ba, a'a, ko ɗigo. Inna, uwar mijinta, ta dama kunun kanwa, ta dama na gyaɗa, aka jiƙa saiwoyi, ungozoma ta zo ta yi ta matsa ƙirjin yarinyar nan har sai da ta yi hawaye. Tsofaffin gidan suka so su gwada nonon da tururuwa, su ga ko mai kyau ne, aka rasa abin da za a jefa tururuwar a ciki. Yaro kuwa yana ta tsala kuka, bakinsa ya bushe.

Sale yana da wa, Alhaji Musa, mai motocin haya a cikin garin Gwaram. Matarsa Larai tana shayar da 'yarta a lokacin. Da aka yi suna, yaro ya ci suna Auwalu, sai aka naɗe shi aka tafi da shi wurin Larai. Inna ta ce aro ne, da Habi ta ji ƙarfin jikinta za a dawo mata da abinta. Ban yi musu ba, don ran yaro ake nema. Kuma Larai, Allah ya saka mata, ta haɗa shi da 'yarta ta shayar ba ta taɓa nuna bambanci ba. Wannan ba zan ɓoye ba duk haushin da nake ji.

To amma Habi ba ta ji ƙarfin ba. Masu jego gudun ruwan zafi suke, ita kuwa roƙo take a ƙara mata wuta. Aka gama wanka, aka shiga kaka, rana tana dukan mutane, ita tana rakuɓe a bakin murhu da mayafi biyu. Barci kamar an yi mata asiri, ta kwana ta wuni ta tashi da gajiya. In ta miƙe tsaye sai ta dafa bango. Gashinta ya riƙa bin mataji, girarta ta zube daga gefe, fatarta ta bushe ta yi fari fat. Yarinyar da in tana ba da labari sai an ce ta numfasa, ta koma sai ka yi mata tambaya ka jira ka gaji kafin amsa ta fito. Al'adarta kuma ba ta dawo ba.

Sai masu shawara suka taso, kowa da tasa. Inna ta ce son jiki ne, yaran yanzu ne ba sa son wahala, ita a zamaninta kwana kaɗan da haihuwa take komawa daka. Wata ta ce ciwon shawara ne, aka dafa ganye aka ɗura mata. Wani ya ce iska ce ta shige ta a hanyar asibiti, aka yi hayaƙi har ɗakin ya koma baƙi. Aka sha rubutu, aka yi tofi. Ni ban raina addu'a ba, da ita muka rayu. Abin da na raina shi ne mutum ya kalli yarinya tana narkewa a gabansa ya ce lalaci ne.

Ga wani abu da ya ƙara cutar da ita. Auwalu ɗan fari ne, kuma kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce a kawo mata shi. Kunyar da aka koya mata ita take yi, su kuma suka ɗauki shirun nata suka ce ba ta damu da yaron ba. Ni kaɗai in na je dubiya, in ɗaki ya rage daga ni sai ita, take kama hannuna da hannunta mai sanyi ta ce, “Yaya, yaron nan ya fara zama kuwa?”

Da Sale ya tafi ci-rani, sai kai ta asibiti ya dawo hannun Alhaji Musa. Mutumin nan ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya ƙona mansa, ya kashe kuɗinsa, ya bar tasha ya zauna a benci. Matsalarsa ita ce gaggawa da ganin ya fi kowa dabara. Tun zuwan farko ya lura cewa a asibitin da muke zuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, mai kiran layi yana tausaya wa mata masu goyo, yana shigar da su gaba. Shi ke nan Alhaji ya samu hanya. Duk ranar asibiti sai ya sa Larai ta shayar da Auwalu ya ƙoshi, ya ɗauko shi a mota, ya biya Farin Dutse ya ɗauki Habi, in sun iso ƙofar asibiti a ɗora mata shi a baya a ɗaure da zane. Matar da ba ta iya ɗaga bokiti, ita ce ke tsaye da goyo. Da na yi magana, Habi ce da kanta ta harare ni, ta ce in bari. Sai daga baya na gane. Ranar ce kaɗai take jin ɗumin ɗanta a jikinta, jiran ranar asibiti take kamar yadda yara ke jiran sallah.

Dabarar ta yi aiki, ba mu daɗe a layi. Amma ku ji abin da ke faruwa a ciki. Mutum ɗaya ake bari ya shiga da marar lafiya, kuma Alhaji ne mai shiga, ni a bar ni a baranda ina cizon yatsa. Ya zauna ya gyara babbar riga, shi ne mai bayani, zazzaɓi ne da kasala, likita. Habi kanta a ƙasa. Wace mace ce za ta ɗaga ido a gaban yayan mijinta ta yi zancen al'ada ko zancen nono? Likita kuma, mutane sun cika masa ƙofa, ya ɗaga kai ya ga mace ta rame da jariri a baya, ai ya gama gane ciwon. Wahalar shayarwa ce. A je a gwada zazzaɓin sauro, a gwada taifot. Kuma kullum sai an samu taifot ɗin nan, kai ka ce a gidansu aka haife shi. Allura, ƙwayoyi, maganin ƙarin jini, a dawo bayan sati biyu. Mu dawo, a sake gwada abin da aka gwada.

Habi ta ba ni labari daga baya cewa akwai ranar da wata nas ta tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada. Kafin ta tattaro amsa, nas ɗin ta leƙa bayanta ta ga yaro, ta amsa wa kanta da cewa au, ashe goyo take, ta wuce. Ni ma na taɓa tare wata a baranda na ce mata baiwar Allah, yarinyar nan fa ko ɗigon nono ba ta da shi tun da ta haihu. Ko tsayawa ba ta yi ba, ta ce a riƙa dama mata kunu. Kunu! Da kunu yana maganin abin nan da Habi ta fi kowa lafiya a ƙasar Gwaram.

Haka muka cinye sanyin shekarar nan. Sai wani saurayin likita, Allah ya yi masa albarka don shi ya fara kallonta da kyau, ya taɓa wuyanta ya ce yana zargin wani abu. Ya ce akwai wasu sinadarai da jiki ke haɗawa da kansa, homon ake ce musu, su ke tafiyar da ɗumin jiki da ƙarfi da al'ada, yana so a gwada na wuya. Abu guda ya rubuta, wai don ya rage mana tsada. A wani ɗakin gwaji na 'yan kasuwa aka ɗebi jinin, bayan la'asar, ta wuni a gajiye. Suka ce sai an kai Kano. An yanke mana jiha, an yi ta kiɗa, muna da gwamna namu na kanmu, amma jinin ƙanwata sai ya hau mota ya je Kano kafin a san abin da ke cikinsa.

Da sakamakon ya dawo, saurayin likitan an canza masa wurin aiki. Wanda muka tarar ya duba da ido ɗaya ya ce, “Nomal ne. Ba ta da komai.”

Kalmar nan, nomal, ban taɓa tsanar wata kalma kamarta ba. Alhaji ya ɗauke ta kamar an ba shi kyauta, ya kai ta Gwaram, ya kai ta Farin Dutse. Inna ta ce dama ta faɗa. Tunda har na'urar Kano ta ce lafiyarta ƙalau, to ko dai a kai abin yake, ko kuwa zaman gidan ne ba ta so. Suka zauna su kaɗai suka yanke magana: an gama yawon asibiti, Habi ta tafi wurin yayarta ta huta, Auwalu kuma in an yaye shi ya zauna wurin Larai ke nan, don ba a ba wa wadda ba ta iya riƙe kanta riƙon yaro. Sale da ya dawo bai iya ɗaga murya a gaban wansa da uwarsa ba. Aron da aka ce, ya zama kyauta, kuma ba wanda ya tambayi mai abin.

A tsakiyar bazara aka sauke mini ita, ana zafin da kaza ke buɗe baki, ita tana lulluɓe da bargo. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, Alhaji ya ja motarsa ya tafi. Da na shimfiɗa wa Habi tabarma sai ta tambaye ni a hankali wai yanzu ba za a ƙara zuwa asibiti ba ke nan. Na san ba asibitin take tambaya ba.

Ta zauna a wurina har wata daminar ta zagayo. Na yi iya yina, hanta, ƙwai, zogale, duk abin da aka ce yana ƙara jini. Tana ci kamar ana tilasta mata, tana ƙara shiga cikin bargo. Rannan zazzaɓi ya kama ta, irin wanda kowa ke yi da damina ya tashi, ita kuwa sai amai, sai ta sulale a tsakar gida idonta ya juye. Maƙwabcina ya kai mu wani asibitin dabam. Suka ce jininta ya yi ƙasa sosai, sukarin jikinta ma haka, suka ɗaura mata ruwa suka ba ta gado. Wannan karon ba Alhaji, ba goyo. Daga ita sai ni.

Da sassafe wata likita ta zo zagaye, mace ce mai ɗan shekaru, daga Kano take zuwa wasu ranaku. Ta tsaya ta daɗe tana kallon fuskar Habi. Ta tambaya ko tana da yara, na ce ɗaya. Ta ce wa ke shayar da shi tana nan kwance. Jama'a, kusan shekara guda ina jiran wani ya yi wannan tambayar. Na buɗe baki, sai da ta ɗaga mini hannu ta ce in bi a hankali.

Ta jawo kujera ta zauna, ta sa aka ja labule. Ba ta fara da zazzaɓin ba, daga ranar haihuwa ta faro. Jinin da ya zuba, suman, nonon da bai zo ba. Ta tambayi barcinta, da bayan gidanta, da abin da take ci da wanda take sha'awa, da yadda take ji in ta miƙe, da ko tana cikin damuwa. In Habi ta yi jinkirin amsa sai ta jira ta, kuma ta hana ni amsa mata, abin da ya yi mini wuya ƙwarai. Can ta rage murya ta tambaye ta yaushe rabonta da aske hammata. Habi ta ce tun da ta haihu ba abin da ya sake tsirowa. Likitar ta ajiye biro.

Nan take ta sa aka ɗebi jini, ta ce yanzu ne lokacinsa, da safe kafin a ci komai, don akwai sinadarin da safiya ce ke nuna gaskiyarsa, in rana ta yi ko na mai lafiya sauka yake. Ta ce kuma ba ɗaya za a gwada ba, duka za a haɗa, na kai da na wuya da na saman ƙoda da na al'ada, don aikinsu a sarƙe yake, ba a gane ɗaya sai an ga 'yan'uwansa. Ba ta jira sakamako ba, ta sa aka yi mata wata allura. Wallahi kafin la'asar Habi ta tashi zaune ta ce tana jin yunwa. Na fita baranda na yi kuka, rabi na godiya rabi na baƙin ciki. Gwajin ya yi tsada, sai da na rabu da tunkiyata da ɗaya daga kekunan ɗinkina, kuma ban yi da-na-sani ba. Wanda ya ƙone ni shi ne abin da aka zubar a kan taifot ɗin da babu shi.

Da sakamako ya dawo, likitar ta ce a kira mata mijin da wanda ya riƙa kai ta asibiti. Sale ya zo, Alhaji ya zo da kalmarsa a baki, ya ce ai an gwada a Kano an ce nomal. Likitar ba ta yi fushi ba, ni ce na yi fushin a madadinta. Ta tambaye shi sana'arsa, ya ce mota. Ta ce to a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ce kamar ɗan kamasho a tasha, ita ke kira sauran su tashi aiki, nono ya zo, al'ada ta zo, jiki ya yi ɗumi. Jinin da Habi ta zubar ranar haihuwa shi ya bar tsokar nan da yunwa har ta lalace. Gwajin farko muryar da ɗan kamashon ke kiran na wuya da ita kaɗai ya auna, ya ji ta daidai, ba ta yi sama ba ba ta yi ƙasa ba.

“To Alhaji,” in ji ta, “in ka zo tasha ka tarar da motarka wayam ba fasinja ko ɗaya, ɗan kamashonka kuma yana magana ƙasa-ƙasa kamar ba abin da ya faru, za ka ce lafiya yake?”

Alhaji ya ce a'a, ai kamata ya yi a ji shi har bakin titi.

Ta ce to su muryar suka auna, ba su leƙa cikin motar ba. Ta ce lamba ba ta da ma'ana sai an ajiye ta kusa da mutumin da aka ɗebi jininsa, kuma duk likitan da ya ji cewa mace ta zubar da jini wurin haihuwa, nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, ya san inda zai dosa ko ba na'ura. Sai ta tambaya yadda aka yi duk zuwan nan ba wanda ya ji haka. Ni na ba ta amsa, na faɗi zancen goyon tun daga farko har ƙarshe. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce shi don layi ya yi. Na ce masa to ga shi layin ya yi sauri, mun shiga da wuri mun fito da wuri wata da watanni. Sale ya ce in yi haƙuri, na ce ya bari haƙurin nan ya huta haka, an gaji da aikensa.

Likitar ta gaya mana sauran ba ɓoye-ɓoye. Tsokar ba za ta dawo ba. Abin da jiki ya daina haɗawa shi za a riƙa ba ta a ƙwaya, kullum, har ƙarshen rayuwa, kuma ranar da ta ji garau ba ita ce ranar dainawa ba. In zazzaɓi ko amai ya kama ta, a garzayo, don shi ne abin da ya kusa kashe ta. Azumi sai ta zo sun yi shawara. Ta yi mata maganar abinci da hutu da rage damuwa, ta ce su ma magani ne amma ba sa maye gurbin ƙwayar. Da Sale ya tambayi zancen wata haihuwar, ta ce abu ne mai wuya, ba za ta yi alkawari ba. Na ga Habi ta runtse ido. Ni da ita mun san me hakan ke nufi, Auwalu ne ke nan, shi kaɗai.

Sauƙi ya zo a hankali. Ta fara yar da bargo, sannan ta fara share tsakar gida, sannan rannan na ji ta tana yi wa 'yata faɗa a kan wanke-wanke da muryarta ta da, na ce alhamdu lillahi, masifaffiya ta dawo. An yi ta sake gwaji ana gyara yawan ƙwayar har aka dace.

Ga abin da nake so a ɗauka daga wahalarmu. Mace in ta zubar da jini wurin haihuwa, nono ya ƙi zuwa, ta kama jin sanyi da kasala, kada a tsaya kunu da hayaƙi. In za ta shiga wurin likita, a bar ta da macen da ba ta jin kunyarta, maza su jira a waje, ba a rage musu komai ba. Ku kuma likitoci, na san kun gaji, na san mun yi muku yawa, amma ku tambayi mai ciwon da bakinta. Kuma in an ce muku nomal alhali mutum yana narkewa a gabanku, ku tambaya me aka gwada, me aka bari, da wane lokaci aka ɗebi jinin.

Bayan kaka labari ya zo cewa Larai ta yaye yaran biyu. Habi ta ce in raka ta Gwaram. Muka tarar da su a tsakar gida, Inna ta zo, Alhaji yana kan kujera, Sale yana gefe. Aka gaisa, aka yi ta yaba yadda ta murmure. Inna ta fara jan zance, wai yaro ya saba, wai a bari ya ƙara wayo tukuna, wai mai shan magani kullum ba a ɗora mata nauyi. Na buɗe baki zan fara, sai Habi ta dafa gwiwata. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido a gaban Alhaji ba ta dube shi, ta kama sunan da ba ta taɓa kamawa ba.

“Alhaji, Auwalu na zo ɗauka. Ɗana ne, kuma ba ni da wani.”

Alhaji ya juya ya ce wa Larai ta kawo shi. Larai ta fito da shi tana share ido da gefen mayafi, yana tafe da ƙafarsa, ya yi wayo. Habi ta durƙusa ta miƙa masa hannu biyu. Yaron ya kalli fuskarta kamar yadda ake kallon baƙuwa, ya juya ya cusa kansa cikin zanen Larai yana kiranta Umma. Aka lallashe shi, aka ba Habi alewa ta miƙa masa, ya ƙi. Inna ta ce kun gani ko. Ni kuwa da na san abin da ya jawo haka, ji na yi kamar in kama kowa a gidan in girgiza.

Habi ba ta yi kuka ba. Ta kwance mayafinta, ta juya masa baya, ta tsuguna, ta ɗan sunkuya kamar yadda take yi a ƙofar asibiti. Yaron ya leƙo daga bayan Larai. Ya daɗe yana kallo. Sai ya saki zanen, ya tako, ya dafa kafaɗunta ya haye, ya kwantar da kumatunsa a tsakiyar bayanta daidai inda ya saba.

Larai ce ta ɗauko zane ta ɗaure mata shi da hannunta. Muka fito, ba wanda ya tare mu. Har muka hau mota muka iso Birnin Kudu bai yarda ya sauka ba, kuma in ta waiwayo don ta gan shi sai ya kau da kai. Ya fi wata guda a haka kafin ya yarda ya zauna a cinyarta ya kalle ta. Bayan uwarsa ya sani, fuskarta sai da ya koya.